Asabar a Kantamanto da Circle

Yau ban buɗe shago ba. Da aka sallame sallar asuba na tsaya bakin titin Nima, unguwarmu a Accra, na sha koko da ƙosai, ɗan yayata ya iske ni a wurin, muka hau trotro, wato ƙaramar bas ta haya, zuwa cikin gari. Laraba da Asabar ake yanka dila a Kantamanto, babbar kasuwar gwanjo, wanda kuwa ya bari rana ta take sai dai ya tarar da abin da wasu suka tsince suka bari.

Har yanzu idan na shiga kasuwar nan sai gobarar 2 ga Janairun 2025 ta faɗo mini a rai. Babban ɓangarenta ya ƙone ƙurmus, mutane suka sake kafa rumfuna da sabon katako da kwano, wasu da kuɗin bashi. Matar da nake sayen riguna a wurinta tana cikinsu. A gabanmu ta yanke wayar dilarta, sai da ta ɗan motsa baki da addu'a tukuna, domin dila a rufe ake sayenta: ko daga Ingila ta zo ko daga Sin, ba ka san abin da ke ciki ba sai ka biya. Saboda haka ba na tsawwala mata ciniki. Ni tela ne, ido da hannu suna gaya mini gaskiyar kaya. Nakan juya riga ciki waje, in duba hammata da wuya, in ja ɗinkin kafaɗa in ga ko zai buɗe baki. Na samu kwat mai kauri da aka yi wa shafi mai kyau, zik ɗin ne kawai ya mutu, aikin da ba zai ɗauke ni komai ba. Yaron ya ɗauki wandon jins.

Amma ba don tufafi na yi sammako ba. Can ta wajen tashar jirgin ƙasa akwai wani dattijo ɗan Sabon Zango mai sayar da tsofaffin rediyo da kaset. Yana hango ni ya ce, "Tela, ka zo? Zauna, na ajiye maka wani abu." Na durƙusa na gaishe shi, "Baba, an tashi lafiya? Ya kasuwa?" Ya jawo kwali daga ƙarƙashin tebur, cike da faifan garmaho.

Duk wanda bai taɓa ɗaga faifai zuwa hasken rana yana karkata shi ba, ba zai gane daɗin abin ba. Ƙura ba komai ba ce, ruwa yana wanke ta. Abin tsoro shi ne zanen da farce ke ji idan ka bi ta kansa, domin nan allura za ta riƙa tsalle. Sai kuma lanƙwasa, ciwon faifai a ƙasarmu: an jibge su a kwance cikin ɗakin kwano shekara da shekaru, zafi ya narka su har sun koma kamar ƙasan kasko. Na ɗora kowanne a tafin hannu ina duban gefensa. Da yawa sun tafi. Amma a tsakiyar kwalin akwai ƙanana masu gudu 45, wato zagaye 45 a minti ɗaya, waƙa ɗaya gaba ɗaya baya, da manya masu gudu 33, kuma wasunsu lafiya lau. Na ga tambarin kamfanin faifai na Decca, na ga na Essiebons, har da na Ambassador wanda a Kumasi ake buga shi. Wannan na ƙarshe ya fi taɓa ni. A ƙasar nan aka rera, a nan aka ɗauka, a nan aka buga faifan, ba a kai shi ko'ina ba.

Baba ya ce a zamaninsu kowane otal mai suna a Accra yana da makaɗansa, kiɗan highlife ko'ina, tun daga lokacin shahararren makaɗi E.T. Mensah. Bayan juyin mulkin 31 ga Disambar 1981 aka sa dokar hana fita da dare, ta kai har 1984, gidajen rawa suka mutu, makaɗa suka watse, wasu Najeriya wasu Jamus. Kaset ya zo ya ƙarasa abin da ya rage. Mutane suka ga faifai ba shi da sauran amfani, yara suka riƙa wasa da su a tsakar gida.

Yanzu kuma Turawa da mutanen Japan ke zuwa nemansu, suna biyan kuɗin da ɗan Nima ba zai iya ba. Ba na zaginsu. Kamfanoni irin su Soundway da Analog Africa sun sake fitar da tsofaffin waƙoƙin Ghana, duniya ta ji, wasu tsofaffin makaɗa ma suka sake hawa dandamali a dalilin haka. Sai dai yana ci mini rai a ce jikan wanda ya yi rawa da waƙar nan ba zai taɓa riƙe faifanta ba. Ina so wasu su zauna a gidajenmu na zango, a riƙa sa su ana ji. Na faɗa wa Baba haka. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Ɗauki waɗanda kake so, ka ba ni abin da ya sawwaƙa. Na san wurinka za su sha iska." Na ba shi abin da ke aljihuna, na kuma ce ya kawo babbar rigarsa in gyara masa wuya.

Daga nan sai Circle, wato shataletalen Kwame Nkrumah, layin Tip Toe, inda hayaniyar masu waya ba ta barin ka ji maganar na kusa da kai. Yaron ya daɗe yana tara kuɗin barka da salla don na'urar gem ta PlayStation 2. Na'urar ta fito tun 2000, ta girme shi, amma ita ce daidai ƙarfinsa, kuma ni na san ta ciki da waje daga gidajen gem na unguwa lokacin samartaka. Na farko da aka nuna mana babba ce ta Amurka. Na juya bayanta na nuna masa rubutun: 120V. Wutarmu 230 ce, idan ka soka ta kai tsaye babu na'urar rage ƙarfin wuta, hayaƙi za ka gani. Muka nemi siririyar mai adafta a waje, wadda ke karɓar 100 zuwa 240. Na sa mai kayan ya kunna ta, ya sa faifai, muka jira mu ga ko idon zai karanta ba tare da ƙara ba. Yaron ya danna kowane maɓalli a hannayen gem ɗin biyu. "Kawu, wannan sandar tana ja hagu," in ji shi. Aka canza mana. Na ji daɗi ƙwarai da ya gano da kansa.

Da yamma na wanke faifan da ruwa mai tsabta da ɗigon sabulu, ina bin zagayen layin da ƙyalle mai laushi, ina kare takardar tsakiya kada ta jiƙe. Na jingina su a tsaye suka bushe. Da na sa na farko, Inna ta leƙo daga kicin da muciya a hannu ta ce, "Kai, ina ka samo wannan? Ai da ita aka kai ƙanwar babanku ɗaki." Ta tsaya har ta ƙare, ta ce in juya bayan, ita ta fi son ta bayan.

Bayan isha'i muka haɗa gem a talabijin ɗin falo, yaran maƙwabta suka cika ƙofa. Ƙwallo muka buga. Akwai dattawan da ke ganin wannan ɓata lokaci ne, kuma na san yaran da gidan gem ya raba da karatu. Amma a gida, gaban manya, da sharaɗin a ajiye idan an kira salla kuma babu taɓawa ranakun makaranta, ni ban ga aibinsa ba. Yaron da ba ya iya haɗa ido da ni, yau har dafa kafaɗata ya yi da ya ci ƙwallo.

Baba ya ce akwai wani kwalin a gidan ɗan'uwansa a Nsawam, har da faifan mawaƙan Hausa da fatake ke kawowa daga Kano. Zai aika a kawo kafin ƙarshen wata. Allurar garmahona ta fara cinyewa, dole in samo sabuwa kafin nan, don ba zan ɗora tsohuwa a kansu ba. Gobe akwai suna a Maamobi da sassafe, kwat ɗin kuma sai Litinin zan sa mata zik.