Wasiƙa daga Ingila: gwajin sukari ga mai ciki da ƙuruciya

Assalamu alaikum iyayena da ƙannena na Agege, Idi-Araba da Mile 12. Da fatan kowa lafiya. Nan sanyi ya kankama, ƙarfe huɗu na yamma gari ya yi duhu. Tambaya ɗaya ce ke ta zuwa min: amarya 'yar shekara 16 ko 17, cikin fari, an rubuta mata gwajin sukari a awo, wai dole ne? Zan amsa, in taɓa maganar abinci kuma.

A yi shi. Gaskiya ne ciwon sukarin ciki ya fi kama manyan mata da masu ƙiba, amma ƙuruciya ba ta hana shi, musamman in uwa ko uba na da sukari. Mabiyiya ce ke fitar da sinadaran da ke rage ƙarfin insulin, wato sinadarin da ke sauke sukarin jini, abin ya fi tsananta bayan wata biyar, shi ya sa ake gwajin tsakanin mako 24 da 28. Sukarin uwa yana tsallakawa wurin ɗa, ya yi ƙato. Yarinyar da ƙugunta bai gama buɗewa ba, ga ɗa ya haura kilo huɗu, doguwar naƙuda ke nan, kun kuwa san abin da take jawowa.

Abin da ya fi damuna shi ne kalmar "azumi". A nan takarda ake ba mace, an rubuta ƙarfe nawa za ta daina ci, me aka yarda ta sha. A gida da baki ake cewa "ki zo da azumi", sai yarinya ta yi sahur da asuba ta ƙi shan ruwa. An juya abin ke nan. Daga ƙarfe goma na dare kada ta ci komai, awa takwas zuwa goma, amma ruwa zalla ta sha. Ban da shayi, koko, alewa ko cingam. A fita da sassafe saboda cunkoson hanya, don in ta daɗe cikin danfo yunwa ta ci ta, wani zai tausaya ya saya mata ƙosai, gwajin ya lalace. Ku ƙunsa mata abin karyawa a jaka, ta ci bayan an ɗebi jinin.

Jinin hannu da aka kai ɗakin gwaji ya fi na tsinken yatsa tabbas. A zuba shi a kwalba mai murfi ruwan toka, a auna da wuri, don in ya zauna sukarinsa raguwa yake, a samu sakamakon ƙarya.

Sai karanta takardar sakamakon gwajin azumin. Ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2013 shi ne: daga 5.1 mmol/L, wato 92 mg/dL (hanyoyi biyu ne na rubuta yawan sukarin jini), sukarin ciki ne. Daga 7.0, wato 126, ya zama ciwon sukari sosai. A Ingila 5.6 ake bi, don haka kada ku gwada da takardar 'yar uwa ta waje. In kun ga 95 a mg/dL, ku raba da 18, zai ba ku kusan 5.3 a mmol/L. Kada a duba da ma'aunin marar ciki a ce lafiya lau.

Gwajin azumi yana da araha, sai dai wasu sukarinsu bayan cin abinci kawai yake hawa. In da hali, a nemi na shan ruwan sukarin gulukos gram 75, a ƙara ɗibar jini bayan awa biyu, 8.5 mmol/L zuwa sama ya nuna akwai sukarin ciki.

Abinci kuwa, a rage lemon kwalba da burodin Agege, a ƙara wake da ganye, amma kada a sa ta yunwa, ita ma girma take. Bayan arba'in ta koma a sake gwada ta.

A gaishe da mutan gida.