Litinin, 5 ga Mayu 2025: daren tsohon bahago

Zafin yau ba a magana. Tun hantsi kuran ya tafi a wurin aiki, muka zauna muna fifita da takardu har azahar, sannan aka ce kowa ya kama gabansa. Na biya Katako neman bututun famfo, ban samu irin wanda nake so ba, na dawo Bukoki na miƙe a tabarma.

La'asar sakaliya Yaya ta aiko a kira ni. Ƙarar ɗanta ta kawo, wanda ke shirin jarabawar bak, ta kammala sakandare. Wai kullum yana gindin teburin sinukan nan na bakin fada (wasan tura ƙwallaye cikin ramukan tebur da sanda), dala ashirin-ashirin ɗin da take ba shi na karin kumallo duk can suke ƙarewa, kuma shekaranjiya ya buɗi baki ya ce mata wannan wasa sana'a ce, akwai masu cin miliyoyi da shi. Ta ce, "Kai ne kawunsa, kai yake jin kunya. Je ka ja masa kunne."

Na same su bayan magariba. Teburin ƙarami ne, ƙafa ɗaya an tokare ta da guntun bulo, ƙyallen ya yage wajen ramin kusurwa an liƙe da salatif. Amma ba wanda ke bugawa. Sun taru su wajen takwas a kan waya ɗaya da aka jingina da butar shayi, ana kallon wasan ƙarshe na gasar duniya daga Shefil ta Ingila, a gidan wasan Crucible inda ake yin ta tun 1977. Yaron ya miƙe ya ba ni kujerarsa, ya ce, "Kawu, don Allah faɗan ya jira, saura kaɗan a gama." Na zauna.

Su duk Zhao Xintong suke goyon baya, ɗan ƙasar Sin mai shekara 28, wanda ya shigo zaman daren ya riga ya ci zagaye 17, abokin karawarsa 8, ga shi 18 ake nema. Ni kuwa ina ganin ɗayan, mai furfura yana tafiya a hankali kewaye da tebur kamar mai duba gonarsa, na ji shi nake so. Mark Williams ke nan, mutumin Wales, shekararsa 50, kuma ba a taɓa samun wanda ya kai wasan ƙarshe a Crucible da irin waɗannan shekaru ba. Su biyun duka bahagwai ne. Wani yaro ya ce da a nan aka haife su da tuni an gyara musu hannu da bulala, aka yi dariya.

Tarihin Williams ne ya riƙe ni. Ɗan mai haƙar kwal ne. Ya shiga sahun ƙwararru a 1992, shekara ɗaya da Ronnie O'Sullivan da John Higgins, lokacin uwar yaron nan ma tana firamare. Ya ci kofin duniya a 2000, ya sake ci a 2003. Daga nan sai abin ya yi ta ja da baya. Shekara goma sha biyar bai ƙara ɗaga kofin ba, har a 2017 ya kasa samun gurbin shiga Crucible ɗin ma, ya fara maganar jingine sanda. Shekarar da ta biyo, 2018, ya dawo ya doke Higgins 18 da 16 yana da shekara 43. Ya riga ya yi alkawarin in ya ci zai fito gaban 'yan jarida tsirara, kuma ya cika, da tawul kawai ya shigo. (Wannan ɓangaren ban so yaran su ji ba, ashe sun riga ni sani.) Yanzu kuma idanunsa sun fara gajiya, shi da kansa yake cewa ƙwallayen suna masa dishi-dishi, amma ga shi a wasan ƙarshe.

Kuma a daren nan bai miƙa wuya da arha ba. Ya ci zagaye huɗu a jere, 17 da 12. Fadar ta yi tsit, mai haɗa shayi ya manta da butarsa har ta tafasa ta zube a gawayi. Na lura da yadda yake yi: ya goga alli a kan sanda, ya sunkuya, ya buga ba dogon tunani, kuma kafin jar ƙwallo ta faɗa rami, farar da ake bugu da ita ta riga ta je ta tsaya daidai inda baƙar ƙwallo, wadda za a jefa a gaba, take jiranta. A nan gwanintar take. Yaranmu suna ihu in ƙwallo ta shiga, ba sa kallon inda farar ta kwanta. Daga ƙarshe Zhao ya rufe wasan 18 da 12, ya zama ɗan Sin na farko da ya ci gasar, ya tafi da fam dubu 500, wato sama da miliyan 350 na sefa.

Ɗan yayata ya juyo yana murmushi. "Kawu, ka ji kuɗin?"

Na ce na ji, amma ya zauna mu yi lissafi. Ƙwararrun da ake ba katin buga manyan gasanni a duniya duka ba su wuce kimanin 128 ba. Katin na shekara biyu ne, in ba ka shiga cikin 64 na sama ba sai a karɓe, ka koma layin neman gurbi tare da ɗaruruwan masu jira. A gasanni da yawa wanda aka fitar a zagayen farko hannu rabbana yake komawa, ga kuɗin tafiya da masauki a kansa. Su Williams da ake gani, a ƙarƙashinsu akwai waɗanda suka yi shekara goma suna atisayen awa shida a rana su kaɗai a ɗaki, ba wanda ya san sunansu. Shi kansa Zhao ɗin, a 2023 an dakatar da shi wata 20 a badaƙalar caca da sayar da wasa da ta rutsa da 'yan wasan Sin goma, biyu daga cikinsu aka kore su har abada. Bai sayar da wasan kansa ba, amma hukunci ya hau shi, kuma wannan gasar ma a matsayin wanda ba ƙwararre ba ya shigo ta, sai da ya bi zagayen share fage huɗu. Caca ce abin da ya fi ba ni tsoro, don na ga yadda ake ajiye 'yan ɗari-ɗari a gefen wannan teburin namu mai bulo.

Sai batun tebur. Na gaske ƙafa 12 ne a tsawo, 6 a faɗi, ramukansa matsattsu, ga ƙwallaye 22. Wanda ya saba da namu, ranar da ya tsaya gaban wancan sai ya ga ƙarshensa ya yi masa nisa. Yaron ya ce ai 'yan Afirka ma suna shiga. Gaskiya ne, Perrie Mans na Afirka ta Kudu ya kai wasan ƙarshe a 1978, kuma a 'yan shekarun nan 'yan Masar da Maroko sun samu kati ta hanyar gasar nahiya. To su suna da tebura da masu koyarwa a garuruwansu.

Bai ce komai ba, ya tsaya yana murza allin da ke hannunsa. Ban hana shi wasa ba, kuma ba na tsammanin hanin zai yi aiki. Na gan shi ya buga zagaye ɗaya kafin mu tashi, yaron yana da natsuwa, ba ya gaggawa, abin da ban taɓa gani ba in yana gaban littafi. Muka yi yarjejeniya: daga nan har a gama bak, ranar Lahadi kawai, kuma ba kuɗi a gefen tebur. In ya samu sakamako, ni zan bi otal-otal ɗin garin nan da shi mu nemi babban tebur, ya gwada hannunsa ya ga inda yake.

Kuran ya dawo wajen sha ɗaya. Gobe sai na sake komawa Katako, famfon har yanzu yana yoyo.