Lesa ba ta san jijiya ba, launi take bi

Abin da ya fi daɗewa kafin ya zauna min a kai a sashen kula da fata shi ne, na'urar lesa, wadda ke harba siririn haske mai ƙarfi, launi kawai take bi. Haskenta yana ratsa fata, jan sinadarin da ke cikin jini ya zuƙe shi ya yi zafi, bangon jijiyar jinin ya dahu ya manne, sannan jiki ya kwashe ta a hankali cikin 'yan makonni. Wasu masu bincike biyu a Amurka, Anderson da Parrish, su suka fayyace wannan dabara a 1983, kuma da ita ake kashe siraran jijiyoyin nan ja da shuɗi da ke bazuwa a kumatu, gefen hanci da cinya kamar saƙar gizo-gizo.

To amma sinadarin da ke ba fata duhu shi ma yana shan hasken. Lesa mai nanomita 532 ko 595 (ma'aunin da ake bambance nau'in haskenta ke nan) tana aiki tsaf a fuskar Bature. Ɗora ta a baƙar fata ko wankan tarwaɗa ba tare da lura ba, sai saman fata ya riga jijiyar ƙonewa, ya yi bororo, ya bar baƙi ko farin tabon da zai yi wata da watanni. Shi ya sa a wajenmu lesar da ake kira Nd:YAG mai nanomita 1064 ake ɗauka, don tana nitsewa ciki kuma duhun fata bai cika kama ta ba. Duk da haka sai an sanyaya wurin, kowa a ɗakin ya sa tabarau, a gwada a ɗan gurbi a ƙasan muƙamuƙi, a sallami mutum ya je ya dawo a ga yadda fatar ta karɓa. Masu gaggawar biki ba sa son jin wannan, amma babu yadda za a yi.

Babban darasin kuwa a baki na same shi, ba a na'ura ba. Likitar da nake koyo a ƙarƙashinta ba ta kunna komai sai ta yi tambaya ɗaya:

"Hajiya, wane mai kike shafawa?"

"Basilin ne kawai, Likita."

Sai ta kama hannun matar cikin raha, ta dubi gaɓoɓin yatsu da suka yi duhu alhali fuska ta yi fari fat, ta ce a zo mata da kwalbar gobe. Sau da yawa haɗin bilicin ne marar suna, an zuba masa mayukan sitiroyid irin su clobetasol ko betamethasone. Su ne ke sirantar da fata har jijiyoyi su fito fili. Wanda ya harba lesa a irin wannan fuska alhali ana ci gaba da shafa man, kuɗin mutane kawai ya ci, don sababbi za su fito. Barin man ma sai an bi a sannu, domin yankewa farat ɗaya kan sa fuska ta yi ja, ta yi zogi da ƙuraje, matar ta koma wa kwalbarta.

Ƙafa kuma wani zance ne daban. Jijiyoyinta sun fi zurfi da kauri, ga nauyin jini na danna su, musamman ga masu doguwar tsayuwa da matan da suka yi ciki. Galibi akwai wata babbar jijiya a ƙarƙashi da ke ba su jini, don haka idan akwai kumburi ko nauyin ƙafa, sikanin ake fara yi. A nan allurar polidocanol, maganin da ake yi a cikin jijiya don ta manne ta toshe, ta fi lesa tasiri a mafi yawan lokuta. Lesa sai ga jijiyoyin da suka yi wa allura ƙanƙanta, ko mai tsoron allura. Bayan allurar kuma sai safa mai matse ƙafa, wadda a zafin bazara sai an yi ta lallashi kafin a yarda a sa ta.