Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Hoton Udupi

Makon jiya na tsaya a inda Baffa ya daina ɗaga wayata, kuma da yawanku kun tambayi dalili. Hoto ne, guda ɗaya tak.

Ina shekara ta biyu a Mangalor ta ƙasar Indiya, garin da masu jin yaren Tulu ke kira Kudla, ina karatun harhaɗa magunguna. Wata Lahadi abokin karatuna, ɗan ƙabilar Biyari, Musulmin yankin, ya ce mu hau bas mu je Udupi in ba idona abinci. Tafiyar ba ta kai awa biyu ba. A can ne wurin bautar Kirishna, ɗaya daga allolin Hindu, yake, wanda malaminsu Madhwacharya ya kafa tun ƙarni na 13, kuma gidajen malamai 8 ne ke karɓa-karɓar kula da shi, kowane gida shekara 2. Ban shiga ba. Allah ne shaidata, ko takalmina ban cire ba. A titi na tsaya, wajen wata 'yar taga da mutane ke turereniyar leƙawa. Abokina ya ce a labarinsu, wani mawaƙi ɗan makiyaya mai suna Kanakadasa aka hana shiga saboda asalinsa, ya tsaya a waje yana waƙa, sai gunkin ya juyo yamma ya fuskance shi. Shi ma dai ji ya yi. Gefe guda akwai wani keken katako da ya fi ɗakinmu na soro tsayi, wanda ake ja da igiya ranar biki. A jikinsa na tsaya aka ɗauke ni, na sa a Facebook, na rubuta "tafiya mabuɗin ilimi".

Kafin magariba hoton ya zaga zaurenmu.

Ranar da zan bar Kano, Inna ta riƙe hannuna ta ce, "In ka je gari ka ga kowa da wutsiya, kai ma ka nemi tsumma ka ɗaura." Baffa yana wurin, har dariya ya yi. Shi ɗin ne daga baya ya tara mutane ya ce yaro ya ɗaura wutsiya, an gan shi a gidan gumaka, kuma tsohuwa ce ta ba shi izini. Da wannan maganar aka fasa ba ni 'yarsa da aka yi mini alkawari tun muna Islamiyya. Zan zo kan wannan, yau ba ranarsa ba ce.

Abin da ke ba ni dariya, abin da ya kamata ya tayar masa da hankali ba shi da hoto. Mai gidan da muke haya ya taɓa gayyatarmu ƙauyensu daren da suke kira kola. Su a yankin, ban da manyan allolin Hindu, kowane dangi da ƙauye yana da iskarsa, daiwa suke cewa. Na gidansu Panjurli ne, mai siffar aladen daji. Tun dare ya fara wani mutum ya zauna yana shafa wa fuskarsa launin rawaya da ja, aka ɗaura masa bante na ɗanyen ganyen kwakwa, ya sa akayau a ƙafa. Ganguna da algaita suka ɗauka. Can tsakar dare jikinsa ya hau rawa, muryarsa ta sauya, sai ga mai gidanmu, mutumin da ke mana tsawa kan kuɗin wuta, ya haɗe tafukansa ya sunkuyar da kai gaban talakan da gobe ba zai zauna kujera ɗaya da shi ba. 'Yan'uwa biyu suka kawo ƙarar iyakar gona, aka yanke musu hukunci a take, ba wanda ya ce uffan. Ni ina can baya ina jan Ayatul Kursiyyu. Da na ba Inna labari a waya, sai ta ce, "Ashe su ma suna da 'yan borinsu. Ka ɗaura tsumman?" Na ce a'a, Inna. Ta ce to madalla, da ma gwada ka nake yi.

Ta rasu ina shekarar ƙarshe, ban sami jana'iza ba.

Da Baffa ya tambaye ni sau ɗaya, da na gaya masa a masallacin Zeenath Baksh da ke unguwar Bandar nake Juma'a, kuma a garin Mulki akwai wurin bautar allahiyarsu Durga da ake kira Bappanadu, wanda su da bakinsu suke cewa sunan wani ɗan kasuwa Musulmi, Bappa Biyari, ya ci. Bai tambaya ba. Yanzu duk ƙarshen wata ni ke kai masa maganin hawan jini daga shagona, yana karɓa yana sa albarka. Bai taɓa tayar da maganar hoton ba, ni ma ban goge shi ba.