Kafin ka yarda da hoton da AlphaFold ya ba ka

A watan Oktoban 2024 aka raba kyautar Nobel ta kimiyyar sinadarai gida biyu: rabi ga David Baker na Jami'ar Washington, rabi ga Demis Hassabis da John Jumper na Google DeepMind, waɗanda suka ƙirƙiro AlphaFold, manhajar da ke hasashen siffar furotin. Tun daga lokacin ɗalibai suka yi ta saka hotunan furotin masu launi a kundin bincikensu. Abin da ke damuna shi ne da yawansu ba sa duba ko ita manhajar kanta ta yarda da abin da ta zana.

Furotin sarƙa ce ta amino asid, iri 20, wadda ke naɗewa ta ɗauki wata siffa, kuma siffar ce ke tantance aikinsa a jiki. A da, gano siffar furotin guda na iya cin watanni ko shekaru a ɗakin gwaji. Rumbun Protein Data Bank, wanda aka kafa a 1971, sai da ya haura shekara hamsin kafin ya tara siffofi 200,000. AlphaFold 2 ya ba kowa mamaki a gasar hasashen siffar furotin ta CASP14 a 2020, kuma zuwa Yulin 2022 rumbun AlphaFold DB da DeepMind da EMBL-EBI, wata cibiyar bayanan halittu ta Turai, suka buɗe kyauta ya ƙunshi hasashe fiye da miliyan 200. Hasashe fa, ba awo ba.

Hanyar amfani da shi ba ta da wuya. Ka shiga UniProt, rumbun bayanan furotin a intanet, ka samo lambar furotin ɗinka. Ta sarƙar beta ta haemoglobin ɗin ɗan Adam, misali, P68871 ce. Ka saka ta a shafin AlphaFold DB. Idan jerin amino asid ɗin furotin naka sabo ne, babu shi a rumbun, sai ka liƙa haruffansa a ColabFold, wanda ke aiki a Google Colab ba sai kana da babbar kwamfuta ba.

To, a nan aikin yake. Kowane amino asid yana da maki mai suna pLDDT, daga 0 zuwa 100, wanda ke nuna yadda manhajar ta yarda da hasashenta a wurin, kuma launin hoton makin ne yake nunawa, ba ado ba ne. Shuɗi mai duhu, sama da 90: ana iya dogaro da shi sosai. Shuɗi mai haske, 70 zuwa 90: ƙashin bayan sarƙar galibi daidai ne. Rawaya, 50 zuwa 70: a yi hattara. Ruwan lemo, ƙasa da 50: kada a fassara shi kwata-kwata. Dogayen zaren nan masu ruwan lemo da ke kewaye furotin kamar taliya, sau da yawa sassa ne da tun asali ba su da tsayayyar siffa. Wanda ya auna nisa tsakanin atam biyu a irin wannan wuri ya ɓata lokacinsa.

Kuskuren da ya fi yawa yana wajen jadawalin PAE, wanda ke nuna yadda manhajar ta tabbata da matsayin sassan furotin dangane da juna, kuma mutane ke tsallakewa. Furotin na iya samun ɓangarori biyu, kowanne shuɗi ne tas, amma manhajar ba ta san yadda ɗaya yake zaune kusa da ɗayan ba. A jadawalin za ka ga murabba'i biyu masu duhun kore, tsakaninsu kuwa fari-fari. Idan ka ga haka, ka ɗauki kowane ɓangare shi kaɗai, ka manta da kusurwar da hoton ya haɗa su.

Dalilin raunin yana cikin yadda AlphaFold 2 ke aiki. Yana tattaro jerin furotin masu dangantaka daga sauran halittu, ya jera su, ya duba wuraren da ke sauyawa tare, domin alama ce cewa suna taɓa juna. Idan dangin da ya samu ba su kai kamar 30 ba, ingancin yakan faɗi. Furotin na ƙwayar zazzaɓin cizon sauro, Plasmodium falciparum, da dama suna da dogayen sassa masu maimaita asparagine, shi ya sa hotunansu ke cika da ruwan lemo.

Akwai kuma tambayar da bai kamata a yi masa ba. Cutar sikila daga sauyin amino asid ɗaya take: valine ya maye gurbin glutamic asid a matsayi na 6 na sarƙar beta. Ka ba AlphaFold jerin mai lafiya da na sikila, zai fito maka da siffa kusan iri ɗaya, kuma bai yi ƙarya ba. Matsalar na tasowa ne idan iskar oksijin ta yi ƙaranci, haemoglobin ya manne wa juna ya zama dogayen sanduna masu lanƙwasa ƙwayar jini. Hoton sarƙa guda ba zai nuna wannan ba. Don auna illar irin wannan sauyi, wata manhaja daban DeepMind ta fitar a 2023, AlphaMissense.

AlphaFold 3, wanda ya fito a Mayun 2024, yana haɗa furotin da DNA da RNA da ƙananan sinadarai irin na magani. Ci gaba ne na gaske, sai dai masu shi sun faɗa da bakinsu cewa yakan zana kyakkyawar naɗi a inda babu ita, don haka duba makin ya ƙara zama wajibi.

Aikin da na fi so a yi koyi da shi na ƙungiyar Matthew Higgins ne a Jami'ar Oxford. Sun daɗe suna neman siffar Pfs48/45, furotin da ake sa ran zai taimaka wajen yin rigakafin da zai hana sauro ɗaukar maleriya daga mutum zuwa wani. Bayanan da suka samu a ɗakin gwaji ba su fito sarai ba. Sai suka ɗora hasashen AlphaFold a kansu, suka duba inda ya dace da awonsu, suka wallafa cikakkiyar siffar a 2022.