Tashin hankali har cikin jini yake shiga

Watan da aka yi gobara a layin shagon Baban yara, kwana uku mutumin nan bai runtsa ba, ba ci ba sha sai waya a kunne ana lissafin kayan mutane da suka ƙone. Rana ta huɗu ya ce kansa na sara kamar ana buga guduma, na matsa masa muka tafi asibiti, tunda mun je ni ma na ce a duba ni don na daɗe ina jin jiri in na miƙe daga wajen girki.

Sakamako ya fito, nashi PCV, wato kason jajayen ƙwayoyi cikin ɗari na jini, 53, nawa 31. Gida ɗaya, tukunya ɗaya, damuwar ma tare muke kwana da ita, amma shi jini ya yi yawa ni kuma ya yi kaɗan.

Likita ya kalle shi ya ce, "Alhaji, jininka fa ba ƙaruwa ya yi ba, ruwan cikinsa ne ya ragu." Ashe akwai wasu 'yan ƙulli a saman ƙoda, da zarar gaban mutum ya faɗi sai su saki sinadaran adirenalin da kotisol. Adirenalin ya matse jijiyoyi, jini ya hau, wani ɓangare na ruwan ya tsatso ya fita, jajayen ƙwayoyin su rage a cunkushe kamar kunun da aka bari a wuta, ga shi dama ba ya shan ruwa. Saifa ma matsewa take ta zubo waɗanda ta ajiye, a jikin ɗan adam kaɗan ne, amma a doki da yawa, yana cikin sirrin gudun nan da muke gani ranar hawan sallah. Tun 1905 wani likita mai suna Gaisböck ya bayyana wannan kaurin jinin, kuma an fi ganinsa a maza magidanta masu ƙiba da hawan jini, musamman masu shan taba.

Su maza dama daga sama suke farawa, sinadarin testosteron yana sa ƙoda ta riƙa zaburar da ɓargo ya ƙera ƙwayoyin da yawa. Shi ya sa a ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya namiji in himoglobin ɗinsa, wato sinadarin da ke sa jini ja wanda ma'auninsa daban yake da PCV, ya gaza 13 an ce yana da ƙarancin jini, mace 12, mai ciki 11. Mu kuwa ga al'ada duk wata ga haihuwa. Nawa likita ya ce ba damuwa ce ta shanye shi kai tsaye ba, sinadarin ayon, wato ƙarfen da jiki ke haɗa jini da shi, ne ya yi ƙasa tun bayan haihuwar auta, sai dai ni in raina ya ɓaci abinci ba ya shiga, to ka ga an taru an haɗu.

Amma wadda ta fi tsaya min a rai 'yar yayata ce mai sikila. Yarinyar nan duk lokacin jarrabawa sai ciwo ya tashi, ƙafa da baya, tana kuka tana murƙususu, har a dangi aka samu masu cewa gudun karatu take. Wallahi da na karanta cewa bincike a Amurka ya nuna adirenalin na sa ƙwayoyin jinin masu sikila su ƙara manne wa bangon jijiya sai da na yi hawaye, fargabar jarrabawar ce da kanta ke taimakawa wajen toshe mata hanyar jini, ita kuma ana mata gori. Na kira yayata a daren na ce, "Yaya, don Allah kar a ƙara tsorata ta da maganar faɗuwa, a dai ajiye mata gorar ruwa kusa."

Bayan sati biyu Baban yara ya koma, ya samu barci ya sha ruwa, nashi ya sauko 46. Ni har yanzu ina kan ƙwayar ƙarin jini, wata uku aka rubuta min, ga zogale da hanta da yake shigo min da su.