Koren farko

Laraba. An kawo wuta da asuba, an ɗauke kafin in gama guga. Auta ta ƙi shan koko.

Yau muka yi gwajin wani ƙarfe mai suna banadiyam da 'yan aji uku, kuma duk shekara ina ɗokin ranar nan. Na narka amoniyam metabanadet, wani garin sinadari mai banadiyam a ciki, a asid ɗin salfurik, ruwan ya fito rawaya kamar ɗorawa, banadiyam yana mataki na +5 ke nan, wato kamar ya rasa ilektaron biyar. Na zuba zinki, na toshe bakin kwalbar da auduga don haidirojin ya samu hanyar fita, iska kuma kada ta yi ta shiga. Zinkin ne ke ba da ilektaron, banadiyam yana karɓa yana sauka ɗaya-ɗaya, kowane mataki da launinsa: +4 shuɗi, +3 kore, +2 shunayya.

Ina cikin girgizawa sai ruwan ya yi kore. Baki ya riga hankali, na ce, "To ga +3 nan, ku rubuta."

Yarinyar nan mai zama kusa da taga, wadda sai a yi mako ba a ji muryarta ba, ta ɗaga hannu. "Malam, ba mu ga shuɗi ba tukuna. Anya ba rawayar ba ce ta haɗu da shuɗin?"

Na ce, "Ke dai rubuta abin da aka ce."

Ta rubuta. Ina kallo ta soke nata ta sa nawa.

Ba a jima ba kwalbar ta koma shuɗi shar, a gaban kowa. Sannan koren gaskiya ya biyo, mai duhu, can sai shunayya. Ita ce da gaskiya. Koren farko gauraye ne kawai, ragowar +5 da sabon +4, kuma na san haka tun ina jami'a. Maimakon in ce na yi kuskure, sai na shiga nuna musu yadda shunayyar ke komawa kore idan an cire audugar iska ta taɓa ta. Aka buga ƙararrawa.

A kan babur wani masanin ma'adinai, del Río, ya faɗo mini a rai. Shi ya fara gano ƙarfen nan a Meziko a 1801, wani masani a Faransa ya ce ai kuromiyam ne, shi kuma ya yarda ya janye. Sai wajen shekara talatin bayan haka wani masanin sinadarai, Sefström, ya sake gano shi a Siwidin, ya raɗa masa suna. Ashe yau ni ne Bafaranshen.

Maman yara ta ce wannan ma abin ƙin cin tuwo ne? Na ci, amma kaɗan.

Littafin yarinyar yana cikin jakata, cikin waɗanda zan duba. Na buɗe shafin sau biyu. Rubutunta na farko yana nan ana iya karanta shi a ƙarƙashin layin da ta ja.